Yadda Maigidana Ya Sauki Bature a Dajin Rugu

Ban cika shekara a ɗakin miji ba lokacin da saƙo ya zo wa Maigarinmu cewa ƙaramin Di'o, Baturen mulki, zai zo da matarsa su yi 'yan kwanaki a dajin Rugu. Sabon zuwa ne ƙasarmu, amma har an laƙaba masa suna Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofen taba ba. Masinjan da ya kawo saƙon ya ce ba barikin gari, masaukin Turawa, suke so ba, a tsakiyar daji za su kwana cikin tanti, saboda matar ta ƙwallafa rai sai ta ga namun daji da idonta. An riga an turo tantin zuwa Batsari a mota, ana neman mutum mai hankali ya ɗauko shi, ya zaɓi wuri, ya kafa kafin su iso. Ya kuma ce tsohon da ke kula da bariki idanunsa sun tafi, don haka duk wanda ya yi wannan aiki Bature ya yaba, shi za a ba Sarkin Bariki, haɗe da gidan da ke jikin barikin da rijiyarsa.

Maigidana maɗinki ne a kasuwar Batsari. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, amma za ku ji shi a bakin waɗanda ba sa jin nauyinsa. Yana saurayi ya taɓa bin wasu Turawa 'yan farauta dako, tun daga nan kuwa ba a yin hira a garinmu bai sako "mu da Turawa" ba. Abokinsa Sammani mahauci yakan ce abin da ya ɗauka a tafiyar bai wuce kujerar bayan gidansu ba, shi ma a rana ta biyu ya faɗi da ita.

Gwaggo Larai, ƙanwar surukina, tana sayar da daddawa a ƙofar Maigari, ita ta kawo mana labarin yadda aka yi. Ta ce masinja bai rufe baki ba maigidana ya miƙe, ya ce tanti ai ɗakinsa ne, ya kafa shi a kan dutse, ya kafa shi a cikin ruwa, akwai ranar da ya kafa shi shi kaɗai da hannu ɗaya, ɗayan yana korar kura. Maigari ya dubi jama'a ko akwai wani, kowa ya sunkuyar da kai, don ban da shi ba wanda ya taɓa ganin tanti ko daga nesa.

Da ya shigo gida, ƙanensa Sahabi yana bayan ɗaki yana buga tubali, domin bikinsa ya matso kuma bai da ɗakin da zai sa amarya. Maigidana ya tsaya a kansa ya ce ya daina wahalar da kansa, ya ɗauki namu ɗakin, mu mun tashi, sai bariki. Surukina Malam Armaya'u ya ce a bari a ga ƙarshen aikin tukuna. Ya amsa cewa ƙarshen aikin ai shi ne farkonsa, tunda an ba shi. Kafin magariba an naɗe kayan ɗakina a tabarmi an jibge a ɗakin Gwaggo, washegari Sahabi ya shafe bangon da farar ƙasa, dangin amarya suka zo suka fara jere. Ni dai ina tsaye ina kallon inda gadona yake a da. Maigidana ya lura da fuskata, ya ce in saki raina, gidan bariki har taga gare shi.

Ranar tafiya ya fito da shigar da ya kwana biyu yana ɗinkawa a ɓoye. Gajeren wando ne na kaki, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sai kuma hula irin ta Turawa. Da na duba da kyau sai na gane ƙwaryata ce ta dama fura ya lulluɓe da farin ƙyalle, ya sa mata igiya a haɓa. Maigari ya ba shi mutum huɗu da jakuna, Sammani ya biyo don yanka da gashi, ni da Gwaggo kuma aka ce mu je mu riƙa yi wa ma'aikata tuwo.

A Batsari da aka kwance ƙunshin tantin, sai ga shi duk ya yi hunhuna, baƙi-baƙi, yana warin ajiya. Maigidana ya shinshina, ya ce wannan ƙaramin abu ne, Turawa da jar kanwa suke wanke shi. Ya sa aka ɗora buhu guda a kan jaki. Gwaggo ta tambaya ko dabbobi za mu je kiwo, don ita a saninta jar kanwa mai yawa haka shanu da dawaki ake ba. Ya ce mata ta tsaya a kan daddawa, shi zai tsaya a kan Turawa.

Muka nausa yamma. Lokacin bazara ne, rana kamar ta sauko ƙasa. Ba mu yi nisa ba ƙudaje suka gano abin da ke ƙarƙashin farin ƙyallen nan, suka taru a kansa suna bin sa kamar mai tallan nono. Da muka shiga daji kuma ƙaya ta samu ƙwaurinsa a buɗe. Sammani ya ce masa ko ya ara masa zane ya ɗaura. Ya ce haka ƙafar Bature take, duk zane-zane, alamar mutum ya san daji ke nan.

Da hantsi washegari muka faɗa wani fili da ban taɓa ganin irinsa a daji ba. Ga faɗi, ga tsawo, shararre, ba kututture ba ƙaya, ya miƙe daga kudu har ya gangara wani tafki da ya rage ruwa. Maigidana ya cire ƙwarya, ya yi fifita da ita, ya ce a sauke kaya, nan ne. Sammani ya sa ƙafa ya ture wani busasshen kashi, ya dube shi.

"Barau, wannan fa kashin shanu ne."

"Na ɓauna ne."

"Ni da nake zubar da tumbin sa kowace ranar kasuwa?"

"Ka taɓa zubar da na ɓauna?"

Sammani ya ce a'a, bai taɓa ba.

"To me ka sani a kai? Nan dajin gwamnati ne. Wace saniya ke da izinin shigowa?"

Mutanen Maigari suka dubi juna. Ɗayansu ya ce shi dai filin ya yi masa kama da burtali, hanyar da Fulani ke bi da shanu. Maigidana ya ce to ya nuna masa saniya ɗaya. Aka duba kudu, aka duba arewa, ba ko maraƙi. Ya ce magana ta ƙare, kuma kada wanda ya taɓa kashin nan, shi zai nuna wa uwargida, matar Bature.

A cikin kayan akwai wani abu na tamfol mai ƙafafun katako, idan an buɗe shi sai ya zama kamar kwami. Maigidana ya ce ai dama don jiƙa kanwa aka yi shi. Muka daka, muka jiƙa, muka shimfiɗa tantin a bakin tafki, ni da Gwaggo muka yi ta dirza har hannuwanmu suka yi fari. Da muka zo ɗauraya ya hana, ya ce a bar kanwar a jiki, ita za ta sa ya tsaya ƙyam kamar rigar Bature. Sauran kuma ya sa aka barbaɗa kewaye da wurin, aka shafe igiyoyi da turaku, wai maganin gara da kunama. Gwaggo ta ce ita toka ta san ana zubawa. Ya ce toka ta ɗakin talaka ce.

Tantin ya bushe fari fat, ya kuma sandare kamar ƙirgi. Maigidana ya ɗauki dogon sandan tsakiya ya kutsa ciki, ya ce idan ya ba da umarni kowa ya ja igiyarsa. Ya manta bai raba su ba, duk huɗun suna gefe ɗaya. Ya ce a ja, suka ja, tantin ya kife da shi. Muna jin muryarsa daga ƙasa yana cewa haka ake farawa, ana gwada ƙarfin igiya ne, amma wani ya ɗaga masa ta wajen kai don numfashi. A karo na biyu tantin ya tsaya, sai dai aka nemi ƙofa aka rasa. Aka zagaya, aka sake zagayawa, can aka same ta manne da wani suri, ta yadda ko kaza ba za ta shiga ba. Daga ciki maigidana ya ce Turawa ba sa son a san ƙofarsu. Sammani ya ce to shi ke nan, ya zauna a ciki, idan Bature ya zo sai ya miƙa masa gaisuwa ta ƙarƙashi. Aka sake rushewa. Sai da rana ta yi sanyi sannan abin ya tsaya, ya ɗan karkace gefe guda kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu.

Muna cin tuwo sai ga jaki ɗaya ya tsinke ya je yana lasar igiyar tanti, har da lumshe ido. Maigidana ya kore shi da sanda, ya dawo yana cewa ko jaki ya san kaya mai daraja. Na dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi tuwonta.

Kafin baƙi su zo ya ƙara abu biyu. Ya sa aka ɗaura wani gado na itace a kan wata tsamiya da ke gefen filin, aka jingina tsani, wai daga nan uwargida za ta yi kallon ɓauna. Sannan ya aika gida a gaya wa Maigari ya zo da jama'a ranar da Bature zai sauka, su ga yadda ake aiki, kada daga baya a ce an ba shi sarauta don alfarma.

Ranar kuwa suka zo. Ban da mutanen garinmu, har daga ƙauyukan gefen daji da na wajen Tsaskiya an zo ganin ɗakin ƙyalle. Aka shimfiɗa wa Maigari buzu a inuwa, mata masu fura da dafaffiyar gyaɗa suka baje, wurin ya koma kamar 'yar kasuwa. Wajen azahar muka ji ƙugin mota. Ta biyo filin nan tiryan-tiryan har bakin tanti, maigidana ya ce ku gani, har hanyar mota ya tanada.

Mai Lofe dogo ne siriri, wuyansa ja kamar na zakara. Matarsa gajera ce mai yawan dariya, ta rataya abin ɗaukar hoto a wuya. Bature ya gaisa da Maigari da Hausarsa ta littafi, kowace kalma sai ya tauna ta kafin ya fitar. Ya dubi tantin ya ce bai taɓa ganin sa da fari haka ba. Maigidana ya ƙame, ya sara, hannunsa ya bugi ƙwarya ta yi ƙara, ya ce wannan sirrin aiki ne, ranka ya daɗe. Daga nan ya ja su ya nuna musu kashin nan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanne ne na uba, wanne ne na uwa, wanne ne na ɓaunan da ya taɓa kokawa da shi. Uwargida ta durƙusa ta ɗauki hoton guda biyu. Bature ya cire lofe ya tambaya ko dabbobin suna zuwa kusa.

"Har bakin ƙofa, ranka ya daɗe. Sun san ni."

Kukun Bature, wani dattijo mai suna Salmanu, yana ta neman wani abu a cikin kaya. Da ya ga kwamin tamfol a bayan murhunmu, ya yi fari da kanwa, sai ya riƙe baki, ya ce wannan ai bahon wankan Bature ne. Maigidana ya ce ya sani sarai, gyara shi ya yi. Babu lokacin wankewa, don Bature ya ce zafi ya dame shi, wanka yake so yanzu. Aka kai bahon cikin tanti, aka cika shi da ruwa, ruwan ya yi fari-fari. Bature ya shiga ya saki ƙofa. Uwargida kuma ta hau tsani ta zauna a gadonta na kan tsamiya, ta saita abin hotonta wajen tafki.

La'asar ta yi, an idar da salla ke nan, sai muka hangi ƙura ta tashi daga kudu. Ƙasa ta fara ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafa. Maigidana ya sa hannu a goshi ya duba. Ina jin har ransa bai taɓa zaton akwai abin da zai zo ba. Ya juyo ya ce wa jama'a kowa ya natsu, ɓauna ce, shi zai tare su. Ya yi taku kaɗan zuwa wajen ƙurar, ya ga ƙahoni sun fara ɓullowa, fari-fari, ba iyaka. Ban ga lokacin da ya juya ba. Na dai ga ƙwaryata tana gangarawa ita kaɗai a ƙasa, shi kuma yana can saman wata farar ƙaya, itacen da ko biri ba ya hawa.

Shanu ne. Garke ne na Fulani da suka tafi kudu cin rani, sun ga hadari ya fara haɗuwa sun kamo hanyar gida, kuma wannan fili hanyarsu ce tun kakanni. Da farko tafki suka nufa. Sai na gaban, wani bijimi mai tozo kamar tulu, ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya sunkuya ya lashi ƙasa. Ya sake lasa. Ya yi wani kuka, sai garken nan gaba ɗaya ya karkato.

Dabbar da ta yi watanni ba ta ɗanɗana kanwa ba, ba ta jin sanda. Makiyayan suna ta duka suna kira, ko a jikinsu. Suka lashe ƙasa, suka bi turaku, suka kama igiyoyi suna taunawa kamar rake. Waɗanda suka samu jikin tantin suka jeru suna lasa, harsuna suna ƙara kamar ana kankare tukunya. Masu fura suka kwashi ƙorensu suka yi gefe, Maigari ya tattara rigarsa ya hau motar Bature ya tsaya, wata saniya ta goga ƙugu a tsanin uwargida ya faɗi. Daga saman ƙaya maigidana yana ta ba da umarni a kore su ta hagu, a kore su ta dama, kada a taɓa jan, shi ne shugabansu.

Daga cikin tanti muka ji Bature yana tambaya cikin natsuwa wane ne yake taɓa ɗakinsa. Igiyar gefe ɗaya ta tsinke, ta biyu ta bi ta, bijimin nan ya cafki gefen ƙyallen ya ja baya. Tantin ya tashi gaba ɗaya ya bi shi, kamar an buɗe faifai a kan ƙwarya.

Ga Di'o zaune a cikin baho, gwiwoyi a sama, kumfa a ka, lofe a baki.

Na ja mayafina na rufe fuska, amma mayafin ya tsufa, yana da 'yar huda. Ta nan na ga shanu biyu sun sa baki a bahon suna shan ruwan, wata jar karsana kuma ta zagaya bayansa, ta shinshina, ta zaro harshe ta lashe shi tun daga tsakiyar baya har ƙeya. Bai motsa ba. Ya dai cire lofen ya riƙe shi sama don kada ya jiƙe, ya ce da Salmanu, cikin Hausarsa ta littafi, idan babu damuwa a kawo masa tawul. Salmanu ya nemi tawul, ashe yana bakin wani maraƙi. Sai Gwaggo ce ta kwance gyalenta ta miƙa masa, fuskarta a juye.

A saman tsamiya kuwa uwargida dariya take har tana riƙe reshe, tana ɗaukar hoto, tana share hawaye, tana sake ɗauka. Jama'a da suka ga matarsa ma dariya take, sai kowa ya saki tasa. Maigari kaɗai ya daure, shi ma rawaninsa yana rawa.

Da ƙyar aka janye garken zuwa tafki. Babban makiyayin, wani dattijon Bafillace, ya zo ya tsuguna ya gai da Maigari. Ya ce shi tun yana yaro yake bin wannan burtali, bai taɓa ganin an yi ɗaki a kai ba. Amma ya ce ko wane ne ya zuba wa dabbobinsa kanwa haka, Allah ya saka masa, don bana ba su samu ba sai yau, kuma idan za a sake badi a gaya masa ya zo da na ƙanensa.

Bature ya sa tufafi a bayan mota, ya fito ya zauna a kan akwati, ya ce a kira masa mai aikin. Aka ce yana sama. Hawa ya yi sauƙi don tsoro ne ya kai shi, saukowa kuwa sai da aka ɗauko tsanin uwargida, bayan an sauko da ita. Ya iso ƙasa wandon ya zama tsumma, ya tsaya yana riƙe da bayansa da hannu biyu. Duk da haka ya yi ƙoƙarin ƙamewa.

"Ka ce ɓauna," in ji Bature.

"Akwai su a ciki, ranka ya daɗe. Sun saje ne. Idan suka ga baƙo haka suke yi."

Sammani ya ce gaskiya ne, shi ma ya ga ɗaya, wata Bafillatana tana tatsar ta. Aka sake fashewa. Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ba Bature haƙuri, ya ce laifinsa ne da ya saurari mai dogon harshe. Bature ya ce ba komai, bai taɓa yin wankan da ya fita tas irin na yau ba. Amma ya ce bariki yana da rufin ciyawa, yana tsoron idan ya ba wannan mutum, wata rana zai zo ya tarar an cinye. Ya ce akwai wani tsohon soja a Safana, shi za a ba.

Na tuna taga, na tuna rijiya, na tuna farar ƙasar da Sahabi ya shafa a bangon ɗakina.

Aka jawo tantin daga bakin tafki. Gefe ɗaya babu shi, rufin ya yi huda-huda, duk ya jiƙe da yawu. Bature ya ce ba zai iya mayar wa gwamnati da wannan ba, ba zai kuma iya bayanin abin da ya same shi ba. Uwargida ta yi masa magana da harshensu tana nuna maigidana, har yanzu dariya ba ta sake ta ba. Sai ya ce matarsa ta ce a bar wa mai aikin, tukuicin kallon da ya shirya mata. Suka hau mota suka tafi barikin gari, tun rana ba ta faɗi ba.

A hanyar komawa ba wanda ya ji muryar maigidana har muka fita daga daji. Ya ɗaura zanen Sammani, yana tafe a bayan jakin da ke ɗauke da tantin. Amma da muka hango rumbunan garinmu sai ya gyara murya, ya ce wa mutanen Maigari su dai sun shaida, Bature da bakinsa ya yaba wankan, kuma duk ƙasar nan ba a taɓa yin wanda Di'o ya yi wa kyautar ɗaki sukutum ba.

Mun tarar an kawo amaryar Sahabi, an saki labule a ƙofar ɗakinmu, ana jin ƙamshin turare. Labari ya riga mu isowa. Surukina yana zaune a zaure, bai ɗaga kai ba ya ce sannu da zuwa Sarkin Bariki, yaushe za a zo kwasar kaya. Maigidana ya ce an ɗan samu canjin tsari. Ya leƙa wajen Sahabi ya fara zancen ko za a duba maganar ɗakin nan. Gwaggon amarya ta fito ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu, ta ce ya maimaita, ba ta ji ba. Ya ce gaisuwa ya zo yi.

Haka aka kafa tantin a tsakar gida, tsakanin turmi da turken awaki. Wannan karon bai shiga ciki ba sai da ya tsaya. Maƙwabta suka jeru a kan danga suna kallo, yana yi musu bayani cewa hudojin rufin nan da gangan ne, don iska, haka na Turawa yake. Wata tsohuwa ta tambaye shi na ruwan sama fa, ga hadari can a gabas. Ya ce ruwa ba ya shiga tanti, ya san na gwamnati ne.

Da magariba ta gabato ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya kira ni in shigo da kayana. Na zo bakin ƙofa da fitila. A bayansa, ta inda ba ya gani, akuyar surukata ta riga ta cinye gefe guda ta zuro kai, 'ya'yanta biyu suna tsotsar igiya, tunkiyar maƙwabta kuma tana ƙoƙarin tsallako danga. Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ni gidan. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ni dai zan kwana wajen Gwaggo. In sun rage wani abu, da safe sai in zo in share."

Washegari da sassafe na fito ɗibar ruwa, na tarar da sandan tsakiya a tsaye shi kaɗai. Daga bayan gida kuma ina jin motsin kwaɓa ƙasar sabon ɗakinmu, da muryar maigidana yana ce wa Sahabi ya matsa ya ba shi wuri, wannan ba tubali ba ne yake yi, shi a wajen Turawa ya koyi bugun tubali.